Me ya sa ba a cewa "I was ominous"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Maamobi da ke Accra, ina shirin sake zama jarrabawar Turanci ta WASSCE, wato ta kammala sakandare, a ƙarshen shekara. A wani insha'i na rubuta "I was very ominous when I heard the knock at midnight", sai malaminmu ya ja jan biro a kai, bai ce mini komai ba. Na duba waya, ta jero mini afraid, fearful, dreadful, ominous da sinister wuri guda kamar duk abu ɗaya ne. Ina bambancin yake? Kuma wani abokina ya ce ominous kalmar camfi ce, wai bai dace Musulmi ya riƙa rubuta ta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku ya yi gaskiya da ya ja biron, bayanin ne ya rage maka. Kai so kake ka ce gabanka ya faɗi da ka ji ana buga ƙofa tsakar dare. Abin da ka rubuta kuwa cewa yake kai ne alamar masifar, wato duk wanda ya dube ka a daren nan ya san wani mugun abu na tafe. In haka ne, mai buga ƙofar ne ya kamata ya ranta a na kare, ba kai ba.

Abin da wayar ta ba ka jerin kalmomi ne masu maƙwabtaka da juna, ba masu ma'ana ɗaya ba. Kamar gidan haya ne a Zango: ƙofar shiga ɗaya, famfo ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa. Kafin ka ɗauki ko wacce a cikinsu, abu biyu za ka tambayi kanka. Wa nake siffantawa, mai jin tsoron ko abin da ke ba shi tsoron? Sannan abin ya riga ya auku ne, yana kan aukuwa, ko alamarsa kawai ake gani? Jimlarka a ta farkon ta yi tuntuɓe.

Ta farkon ba baƙuwa ba ce gare ka. Babu yaron unguwar Nima da zai rikita "ina jin tsoro" da "yana da ban tsoro". Inda gizo ke saƙar shi ne, harsunan da muke yini da su a baki ba da siffa suke faɗin wannan ba. Da Hausa tsoro suna ne, jin sa ake yi ko a bayar da shi. Da Tonanci, harshen maƙwabtanmu Asante, aikatau ne, shi ne kake gani an rubuta a bayan trotro, ƙananan bas ɗin haya, "Suro nipa", wato ji tsoron mutum. Ko a Turancin kan titi "I dey fear" ake cewa. Turancin jarrabawa kuwa siffa yake so, kuma a wutsiyar kalma ya raba aikin. Wadda ta ƙare da -ed ta mai jin tsoron ce, wadda ta ƙare da -ing ta abin da ya jawo shi ce. Kare frightening ne, yaron da karen ya biyo frightened ne. Haka terrified da terrifying, alarmed da alarming, horrified da horrifying. Scared ce kawai abokiyar tafiyarta ta fita daban, ita ce scary. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne "I was so scary that I could not move". Yaron yana nufin ya tsorata, amma ya rubuta cewa shi ne dodon.

Afraid tana da nata halin. Ba ta zama gaban suna. Za ka ce "the child is afraid", amma ba a cewa "an afraid child", sai dai "a frightened child". Danginta a wannan hali su ne asleep da alive da alone. Sannan 'yan ƙananan kalmomin da ke bin ta suna juya maganar baki ɗaya. "Afraid of the sea" mai tsoron teku ne. "Afraid to swim" tsoro ya hana shi shiga ruwan. "Afraid for her son" kuwa uwa ce da ɗanta ya bi hamada ya nufi Libiya; ba tsoronsa take ji ba, tsoro take ji masa. Ɗalibi ya sa "of" a wannan wuri, ya mayar da uwa mai zullumin ɗanta ta zama wadda ɗan ke zare wa ido a gida.

Akwai kuma afraid ɗin da babu tsoro a cikinta ko kaɗan. Ka je banki ko wani ofis, ma'aikaciya ta dube ka ta ce "I'm afraid the manager is not in today". Ba wani abin da ya firgita ta. Tana sassauta maka labarin da ba za ka so ba ne, kamar yadda mu za mu ce "sai dai ka yi haƙuri, yau bai shigo ba". Daga nan ne "I'm afraid so" da "I'm afraid not" suka fito. Afraid kaɗai ke wannan aiki. Ka sa scared a madadinta, sai a ɗauka manajan wani abu ya same shi.

Su kuma kalmomin mai jin tsoro hawa-hawa suke, kuma Hausa ba ta gaza Turanci a nan ba. Uneasy shi ne ɗar-ɗar ɗin nan da ba ka san dalilinsa ba. Nervous na wanda zai tsaya gaban jama'a ne ko zai shiga ɗakin jarrabawa, tafin hannu na gumi. Anxious zullumi ne mai daɗewa, irin na jiran sakamako. Apprehensive fargaba ce a kan abin da ke tafe, kalmar rubutu ce, ba kasafai za ka ji ta a hira ba. Afraid da scared da frightened su ne tsakiya. Frightened ta fi karkata ga firgitar farat ɗaya, scared ta fi zama a baki. Sama da su terrified, wanda hantar cikinsa ta kaɗa. Can ƙoli petrified. Waɗannan biyun na sama ba sa son very, don sun riga sun kai maƙura. Absolutely ko utterly ake sa musu. Very scared daidai ne, very terrified yana karce kunnen mai harshen.

Petrified tana da wani sharaɗi da ɗalibai ke takewa. Tushenta petra ne, dutse da Girkanci, tushen da ya ba mu fetur ma, don petroleum ma'anarsa man dutse. Wanda ya zama petrified ya sandare ne wuri ɗaya, ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Saboda haka in ka rubuta "I was petrified and I ran all the way to Kawokudi", ka sa dutse gudu. In gudu aka yi, terrified ko panic-stricken ce kalmar.

Panic ɗin nan daga sunan Pan ta fito, wani abin bautar Girkawa na daji da makiyaya, wanda suka ɗauka shi ke jefa wa garke da matafiya firgitar da ba a ga dalilinta ba. Har yau ma'anar na nan: tsoron da ke ɗauke hankali, mutum ya yi abin da ba zai yi ba da yana cikin nutsuwa, kuma yana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Manyanku ba za su manta 9 ga Mayu 2001 ba, ranar wasan ƙwallon Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Accra, da aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, aka yi turmutsitsi a matakala, sama da mutum 120 suka rasu. Mutanen da ke kan matakalar nan panic-stricken ne, terrified ne. Waɗanda suka ji labarin a rediyo ko suka ga hotuna washegari horrified ne. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, don ana yawan tambayarsa. Terrified yana tsoron abin da zai sami ransa. Horrified babu abin da ke bin sa, abin da ya gani ne ya tayar masa da tsigar jiki. Tushen kalmar ma haka yake: horrere da Latin shi ne gashi ya mimmiƙe.

Wasu daga cikin kalmomin nan kuwa yawan amfani ya cinye musu kaifi. Terrible da horrible da awful da dreadful duk da tsoro suka fara, yau galibi "mummuna" kawai suke nufi. Cunkoson motoci a Circle, babbar mahadar titunan Accra, terrible ne, shayin da ya huce awful ne, ba wanda ya firgita. In kana son nauyin na asali sai ka koma ga horrific ko terrifying. Gobara da ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a gidan man da ke Circle, inda mutum sama da 150 suka rasa rayukansu, horrific ce. Ka ce mata horrible, ka rage mata nauyi ba da niyya ba. Terrific ma ta sauya sheƙa gaba ɗaya, ta koma yabo: "a terrific goal" ƙwallo ce ta burgewa. Awful da awesome uwarsu ɗaya, awe, abin da mu za mu kira kwarjini, tsoron da ke haɗe da girmamawa. Ɗaya ta gangara ta zama zagi, ɗaya ta hau ta zama yabo. Shi ya sa sarkin Rasha Ivan na huɗu, wanda ya rasu a 1584, da Turawan Ingila ke kira "the Terrible", ba cewa ake ya kasa mulki ba. Tsohuwar ma'anar ce, mai sa a yi rawar jiki.

Fearful da ka ambata fuska biyu gare ta. "She was fearful of losing her shop" mai jin tsoro ce, "a fearful storm" kuma abin tsoro ne. A rubutun yau ta farkon ta fi yawa, kuma shawarata ka bar ta a nan, in kana nufin abin tsoro ka ɗauki fearsome, wadda fuska ɗaya gare ta. Timid da cowardly ba halin wani lokaci suke faɗa ba, ɗabi'ar mutum suke faɗa: timid mai noƙe-noƙe ne, ba zagi ba ne sosai, cowardly matsoraci ne, zagi ne kai tsaye. Wary shi ne wanda maciji ya taɓa sara, ya ga baƙin tsumma ya ja da baya. Taka-tsantsan ne, ba firgita ba.

To, mu zo ga taka kalmar.

Ominous daga omen take, kalmar Latin mai nufin alamar abin da ke tafe. Ita omen tana iya zama ta alheri ko ta sharri, har yau ana cewa "a good omen". Amma siffar da aka ciro daga gare ta ta rungumi ɓangaren sharri kawai. Abu biyu ne ke cikinta: ba ta siffanta mai jin tsoro, alama take siffantawa, kuma ba ta rayuwa sai kafin abin ya faru.

Ka tuna wata la'asar a watan Yuni a bakin babban titin Nima. Rana na dukan mutane, sai ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke cak, ko ledar da ke ƙasa ba ta motsi. Mai koko da ƙosai ta ɗaga kai ta dubi sama, ba ta ce wa kowa komai ba, ta fara haɗa kwanukanta. Mai sayar da atamfa ya jawo babbar leda yana rufe kaya, masu babura suna ƙara wuta, wata uwa tana ƙwala wa yaranta kira su bar bakin kwata. Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba tukuna. Wannan 'yan mintocin su ne mazaunin ominous: "ominous clouds", "an ominous stillness". Da zarar ruwan ya kece, kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, ruwa ya fara shiga ɗakuna a unguwar Alajo, kalmar ta gama aikinta. Yanzu abin terrifying ne. Washegari da ake shanya katifu ana ƙirga asara, disastrous ne. Ɗalibin da ya rubuta "the ominous flood destroyed our house" ya kawo kalmar a makare, don ambaliyar ba alama ba ce, ita ce masifar da kanta.

Shi ya sa abokan zamanta sanannu ne: silence, sign, clouds, tone, warning, rumble. Shugaban makaranta ya aiko a kira ka, ka shiga, ya rufe ƙofa, ya cire tabarau, ya yi shiru yana kallon ka: "an ominous silence". Injin trotro ya fara wata ƙara da direba bai saba ji ba a kan hanyar Kumasi: "an ominous noise". Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Kukan shi ne ominous. Mai hankalin da ya gane, abin da ya ji a ransa sunansa foreboding, wato abin nan da muke cewa "jikina ya ba ni". Kada ka rikita ta da forbidding, wadda ke nufin wuri ko fuskar da ba ta gayyatar kowa, kamar doguwar katanga mai waya a kai ko fuskar da aka murtuke.

Jimlarka ke nan tana da gyara iri biyu, ya danganta da abin da kake son haskawa. In bugun ƙofar ne, "There was an ominous knock at midnight", ko "The knock sounded ominous". In kai ne, "I was filled with foreboding when I heard the knock", ko a sauƙaƙe "I was terrified". Ni da zan zaɓa maka, ta farkon zan ɗauka, don tana sa mai karatu ya ji faɗuwar gaban da kansa ba tare da ka gaya masa ba.

Ana iya siffanta mutum da ominous, amma ta fuskar yadda wasu ke ganin sa: "an ominous figure at the gate", wani ne tsaye a ƙofa wanda zuwansa ba alheri. Mutum ba ya faɗin haka a kan kansa.

Sinister tana kusa, amma ta ƙara abu ɗaya: mugun nufi, kuma ɓoyayye. Hadari ba shi da niyya, don haka ominous ne. Mota mai baƙin gilashi da ta tsaya a lungunku ƙarfe biyun dare, fitilu a kashe, inji na aiki, ba wanda ya fito, wannan sinister ce, don akwai mutum a ciki kuma akwai abin da ya ƙulla. Za ka ga 'yan jarida na rubuta "a sinister motive" ko "a sinister plot", jami'i kuma in yana kare kansa ya ce "there is nothing sinister about it", wato babu wata maƙarƙashiya. Asalin kalmar zai ba ka dariya, don da Latin hagu kawai take nufi. Mu da muke ƙasar da in ka miƙa wa mai kanti kuɗi da hagu sai ka ce "sorry for left" ba ma buƙatar dogon bayani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wajen masu duban Rumawa na farko hagu ce ɓangaren sa'a. Girkawa ne ke ɗaukar ta a shu'uma, kuma ra'ayinsu ne ya rinjaya har ya iso Turanci.

Menacing da threatening su ba ɓoyo a cikinsu. Barazanar a fili take, a gabanka: kare ya yage baki, ko wani ya matso da adda a hannu. Threatening tana iya zama a gurbin ominous in ana maganar sama ko hadari, shi ya sa ita ce amsar da ta fi yawan dacewa in aka ce ka kawo kalma mafi kusa.

Eerie wata aba ce daban, kuma ina son ta don ba ta da madadi. Daga Turancin Sukotilan da arewacin Ingila ta shigo. Ba ta cewa wani abu zai faru, ba ta cewa wani na da mugun nufi. Cewa take wurin ba yadda aka san shi yake ba, har tsigar jiki na tashi. Wanda ya fita a makonni ukun kullen korona da aka fara 30 ga Maris 2020 a Accra da Kumasi, ya ga Circle da rana tsaka ba hon, ba ɗan kwandasta mai kiran Kaneshie, ba mai tallan ruwan leda, ya san eerie ko bai taɓa jin kalmar ba. Spooky ta fatalwa ce, daga spook na harshen Holan, kuma kalmar wasa ce, ta yara da hira. Kada ka sa ta a rubutu mai nauyi. Creepy ma ta hira ce, an fi faɗin ta a kan mutumin da kallonsa ko take-takensa ke sa ka ƙi sakin jiki. Uncanny yau ta fi zama a kan abin mamaki da ya wuce misali, kamar kamannin mutum biyu da ba su haɗa jini ba.

Gruesome da ghastly na jini ne da gawa, bayan abin ya faru. Jaridunmu na Afirka ta Yamma sun maƙale wa "ghastly accident" da "gruesome murder" har sun zama kamar kalma ɗaya. Daidai ne, amma an gaji da su. Grim labari ne ko fuska da babu annuri ko fata a ciki. Dire tana tafiya da need da consequences da warning, ma'anarta abin ya kai intaha.

Sauran na alamu kuwa na littafi ne, ka san su don karatu, ba lallai don rubutu ba. Inauspicious ba ta kai ominous nauyi ba. Farawa ce da ba ta yi kyau ba, kamar ƙungiyar da aka zura wa ƙwallo a minti na biyu, "an inauspicious start". Kishiyarta auspicious, irin Juma'ar da tun daga Laraba ake gane ta. Portentous da can tana nufin mai ɗauke da babbar alama, yau sau da yawa ana faɗin ta a kan mai magana da kumbura murya kamar zai sanar da tashin duniya alhali ba komai a ciki. Baleful kusan kullum da kallo take tafiya, "a baleful look", harara mai ɗauke da mugunta. Ill-fated ita baya take kallo: mai rubutu ya riga ya san ƙarshen labarin, shi ya sa ake cewa "the ill-fated ship" a kan jirgin ruwan Titanic da ya nutse a 1912. Fasinjan da ke hawa jirgin ba zai iya kiran sa haka ba.

Maganar abokinka kuwa, akwai inda ya taɓo gaskiya. Kalmomin nan da yawa a gidan duba aka haife su. Auspicious ta fito ne daga kalmomin Latin biyu, tsuntsu da kallo, don Rumawa ba sa fita yaƙi ko su fara wani babban al'amari sai masu duba sun kalli tashin tsuntsaye. Disaster asalinta mugun tauraro. Abominable ma omen ce a cikinta, abin da ake kawar da kai daga gare shi don shu'umcinsa. Larabawan jahiliyya su ma da tsuntsu suke camfi, shi ya sa sunan abin da Larabci ɗiyara, daga ɗair, tsuntsu: mutum ya fito tafiya, ya kori tsuntsu, in ya yi dama ya ci gaba, in ya yi hagu ya koma gida. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan, ya ce babu ɗiyara, kuma kyakkyawan fata yana burge shi. Hadisin na cikin Buhari da Muslim. Mu ma muna da namu, kukan mujiya a kan rufi, da matar da ake cewa mai farar ƙafa ce.

Amma asalin kalma daban, abin da mai magana ke nufi da ita yau daban. Camfi shi ne ka ɗaura abu a kan abin da ba su da wata alaƙa, kamar baƙar kyanwa ta gitta ka fasa tafiya, ko Turawan da ke shakkar Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata. Wanda ya ga hadari ya ce ruwa na tafe ba camfi ya yi ba, sababi ya karanta. Likita in ya ce wata alama a jikin majinyaci ominous ce, abin da ilminsa ya nuna masa yake faɗa. Masanin tattalin arziki in ya ga sidi, kuɗin Gana, na faɗuwa farashin fetur na hawa ya ce alamun ominous ne, lissafi ya yi. Yawancin inda za ka gamu da kalmar a jarida da littafi irin wannan ne. In kuwa asalin kalma ne zai haramta ta, to abokinka sai ya daina cewa Janairu da Maris, don sunayen Janus da Mars ne, gumakan Rumawa. Ya daina cewa Thursday, don ranar Thor ce, abin bautar mutanen arewacin Turai na da. Ko mura mai zafi kada ya kira ta influenza, don Italiyawa sun raɗa mata sunan ne bisa zaton tasirin taurari ke kawo ta.

Ga jarrabawar kanta. A sashen fahimtar karatu, inda ake cewa ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kamar yadda aka yi amfani da ita a nassin, kada ka amsa daga ka. Cire tasu, sa taka a cikin jimlar, ka karanta a zuci. In an ba ka "an ominous silence", threatening za ta zauna, afraid ba za ta zauna ba, fear kuma suna ce ba siffa ba, ko ma'anar ta yi kusa ba za a ba ka makin ba. In an ba ka "a terrific performance", kada tushen kalmar ya ruɗe ka ka rubuta frightening. Excellent ake nema. A insha'i kuma kada ka jibga su. Na sha ganin "It was a dark, scary, fearful, dreadful and ominous night", ɗalibi na zaton ya burge mai duba takarda, alhali ya nuna masa ne bai san bambancinsu ba. Ɗaya da ta zauna daidai ta isa, sauran aikin ka bar wa abin da ya faru: wutar da aka ɗauke, karnukan unguwa da suka yi tsit lokaci guda.

Ka kula da rubutunsu ma. Ominous da "i" take a tsakiya, ba "omenous" ba, ko da yake daga omen ta fito. Furucin ma ya bambanta: omen da dogon wasali take farawa, irin na open, ominous kuwa da gajere, irin na office, kuma a gaɓar farko ake dannawa. Portentous ba ta da "i" kafin -ous, masu rubuta "portentious" pretentious ce ke ja musu hannu. Eerie da "ee" take farawa ta ƙare da "ie". Sinister ma a gaɓar farko ake danna ta, kamar minister, kuma irin wannan dannawar na fitowa a takardar sauraro.